Karo Ɗaya a Ɗakin Hajja Kaltume

A Gaundare karo muke ce masa,
mutanen Kano su ce tayil.
Wannan kam karo ya yi da taɓarya,
taɓarya ta tashi lafiya lau.

Hajja Kaltume ta ce jikarta ce, Dudu,
ta jingina ta da bango, ta sulale.
Tsagar ta fito kamar sawun kaza,
yatsu uku, na tsakiya ya nufi gado.

Da ɗakin wani ne, da tuni na tafi:
guduma biyu, tsintsiya, a sallame ni.
Amma ɗanta Hamadjoda,
da ke can ƙasar da ruwa ke zama dutse,
ya sa an shimfiɗa mata waya a ƙarƙashin daɓe,
siririya, tana kai da komo kamar zaren masaƙa,
don ɗumi ya taso daga ƙasa
ya iske gwiwoyinta a watan Agusta,
lokacin da ruwa ke kwana uku bisa tudun nan
har bargo ma ya nemi abin rufa.

Na kashe wuta tun daga tushe.
Na tsayar da Sali a bakin akwatin,
na ce ko limamin Sabongari ne ya zo
kar ka bari ya taɓa.

Sai na durƙusa.
Da tsohuwar wuƙa na fara kankare ɗorin
da ke tsakaninsa da maƙwabtansa huɗu,
don in ya tashi tafiya kar ya ja wani.
Hajja na kan kujera da kofin shayi,
ta ce haka aka raba gonar ubansu,
sai da aka nuna wa kowa iyakarsa,
duk da haka ba a rabu lafiya ba.

Na ƙwanƙwasa tsakiya a hankali
kamar mai sallama a gidan surukai.
Cizal a kwance, ba a tsaye ba,
na tsaye shi ke yanke jijiya.
Ya riƙa ɓarewa guntu-guntu, ɓawon dafaffen ƙwai,
wani ya tsalle ya yanke ni a babban yatsa,
na tsotsa, na ci gaba.

Azahar ta yi kafin na gan ta.
Ja ce, kwance cikin busasshen siminti,
ba ta kai kaurin tsinken tsintsiya ba.
Shekara ashirin da ɗaya ina wannan sana'a,
ranar na gane me wanzami ke ji
in an miƙo masa jinjiri.
Na ajiye guduma. Na koma farce da buroshin haƙori,
numfashi ma a ƙididdige.

Na ɗora na'urar awo a bakin wayar.
Lambar da ta nuna da safe ita ta nuna.
Sali ya yi kabbara daga zaure,
bai ma san me aka gani ba.

Irin karon ya ƙare a kasuwa.
Na zaga shago shida a kan babur,
nata ruwan madara, na samo ruwan ƙasa.
Na shiga ba ta haƙuri, ta ɗaga hannu:
idona ya daina raba launi, yaro,
tafin ƙafata ne alƙali.

Kwana uku muka bar shi ya sha iska.
Ran Laraba na kunna.
Kyanwar gidan ta riga kowa sani,
ta zo ta miƙe a kan baƙon.
Hajja ta ture ta da sanda, ta zare silifa,
ta taka, ta yi shiru,
sannan ta ce a kira mata Hamadjoda
ko da tsakar dare ne a wurinsu.

Ta ƙirga mini jaka bakwai, ta ɗora goro biyu.
A ƙofar gida na tarar da Dudu
ta zana 'yar gala-gala a jiƙaƙƙiyar ƙasa,
tana jefa guntun da ya yanke ni.